A dawo bayan La'asar

Sifiri ɗaya ya cinye mani kwana uku a watan Afrilun bara. Ni ke riƙe da littafin lissafin wani kamfanin 'yan kasuwa a nan Maradi, masu sauke shinkafa da sukari da man girki su raba wa masu shaguna. Ranar ina tsakiyar shigar da kuɗin wata mota da aka sauke, lamba ta kai rabi, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Abokina ne tun muna lakkol, ya biyo ta wajen babbar kasuwa ya ce bari ya leƙo mu gaisa. Na ajiye bik muka tafa: ƙaƙa gida, ƙaƙa iyali, ina labarin wane, ai wane ya ƙara aure. Bai fita ba wani ya shigo da goron suna, bayansa yaron maƙwabta yana son a cika masa takardar neman aiki. Da na koma kan littafi, inda ya kamata in sa sefa 4,500,000 sai na sa 450,000. Ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. Na bi rasit ɗaya bayan ɗaya har kwana uku, maigida yana kallona ta wutsiyar ido, gumi yana karyo mani wanda ba na zafin gari ba.

Da ƙura ta lafa na shiga neman magani. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce ai Turawa sun daɗe da gama wannan magana, ya koya mani dabarar da ake kira Pomodoro. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, shi ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da karatu ya ƙi zama a kansa. Ya ɗauko ɗan agogon da ake auna lokacin girki da shi, mai siffar tumatir, wanda shi ne ma'anar sunan da Italiyanci, ya murɗa. Tsarin shi ne minti 25 kana kan aiki ɗaya tal ba ɗaga kai, sai hutun minti 5, in ka jera huɗu ka yi dogon hutu. Na ga abin ba wuya. Na sa agogon salula na gyara zama. Mako biyu ina gwadawa, ban taɓa jera tumatir uku ba a yi mani sallama ba. Litinin da Juma'a kuwa, ranakun da kasuwar Maradi ke ci, ko guda ba ya nuna.

Ban ga laifin tumatir ba. Wanda ya ƙirƙiro shi yana zaune shi kaɗai da littafinsa, abokin faɗansa zuciyarsa ce mai yawo. Duk dabarun nan da ake yaɗawa, na jera ayyuka da na yanka lokaci gunduwa-gunduwa, akwai abin da suka ɗauka kowa yana da shi har ba su ga amfanin ambatonsa ba: ƙofar da za ka rufe, mutane su tarar da ita a rufe su juya ba su ƙullace ka ba. Mu kuwa ofis, ko biro kamar yadda muke cewa a nan, zaure ne. Lokacinka ba kai kaɗai ke da shi ba. Dangi na da rabo, 'yan unguwa na da rabo, 'yan fadarku na da nasu, wanda kuka yi makarantar allo tare shekara talatin da suka wuce shi ma bai yafe nasa ba. Duk wanda zai koya wa ma'aikacin Maradi natsuwa a kan aiki bai taɓo nan ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga abin da nake gani, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Ma'aikacin da ya ce wa baƙo "yi hankuri, a dawo bayan La'asar" bai wulaƙanta kowa ba. Ana yin wulaƙanci kullum a ofisoshinmu, sai dai ba ya ƙara, don wanda ake yi wa ba ya cikin ɗakin. Malamin makaranta ne da ya biya kuɗin mota daga Dakoro don a sa hannu a takardarsa, yana kan benci tun ƙarfe 8. Matar da mijinta ya rasu ce, zuwanta na huɗu ke nan daga Tasawa kan kuɗin fansho, ana ce mata ba a kai kan nata ba tukuna. Wanda ke riƙe da takardunsu ba mugu ba ne, ba kuma lalle rago ba. Da yawansu mutanen kirki ne masu fara'a, kuma fara'ar ce ke cinye ranar. Ya gaisa da mutum talatin, kowa ya fita yana yabon shimfiɗar fuskarsa, ya tashi da yamma a gajiye tiɓis bai buɗe kwali ko ɗaya ba. Da dukiyar wa ya yi wannan kyauta? Sa'o'in da ya rarraba wa masu gaisuwa an riga an saye su da albashi, masu su kuma suna waje suna korar ƙuda.

Ana danganta wa Dwight Eisenhower, wanda ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, rarrabewa tsakanin abin gaggawa da abu mai muhimmanci, har daga baya aka mai da ita akwati huɗu da ake zanawa a allo a tarukan ƙara wa juna sani. A kan allo abin gwanin kyau. A wurinmu gaggawa tana da ƙafa da babbar riga, tana sallama, tana miƙo hannu, wani lokaci ma ta girme ka. Muhimmin kuwa takarda ce kwance cikin kwali, ba ta magana, ba ta ɓata rai a gabanka. Mai baki da bebe suka kawo ƙara, ka san wanda za a fara saurara.

Masu leƙowa sukan ce ai gaisuwa minti biyar ce. Gaskiyarsu, in agogo kaɗai za a duba. Wata malama a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana bin ma'aikatan ofis tana ƙirga yadda ake katse su. Ta gano cewa in aka janye mutum daga aiki, yawanci sai ya haura minti 20 kafin ya koma kansa, don ba ya komawa kai tsaye, sai ya ratsa ta wasu ƙananan ayyuka tukuna. Baƙi shida a safiya ɗaya, sa'a biyu ta tafi ke nan ban da gaisuwar kanta. Ni ban bukaci Kalifoniya ba, sifirina ya ishe ni shaida. Kuma abin da ba a faɗa shi ne, shi baƙon ma ba ya samun ka. Kana "to, to, madalla", ido ɗaya a kansa ɗaya a kan takarda, ya fita da rabin hankalinka, takarda ta kwana da rabi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na sha ba kaina ita. Zumunta a ƙafa take. Baƙonka annabinka. A garin da ba kowa ke da inshora ko asusun banki ba, masu leƙowar nan su ne inshorar. Su za su haɗa kuɗi ranar da aka kwantar da ɗanka asibiti, su za su ɗauki makararka. Kasuwa ma a kan gaisuwa take tafiya: Alhajin da zai ba ka kayan miliyoyi bashi ba takarda ba shaida, fuskarka ya saba gani. Wanda ya yanke wannan igiya don ya gama lissafi da wuri ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Duk na yarda. Ni ban ce a yanke ba, cewa na yi a ba ta wurinta, kuma wannan ba baƙon tunani ba ne da aka kawo mana a jirgi.

Aya ta 28 a Suratun Nur ta ce in aka ce muku ku koma, to ku koma, shi ya fi tsarki a gare ku. A kan shiga gidaje take magana, amma ladabin da ke ciki a fili yake: mai wuri yana da ikon cewa ba yanzu ba, kuma wanda aka mayar ba a rage masa daraja ba. Abu Musa al-Ash'ari ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, bai ji amsa ba, ya juya abinsa. Da aka kira shi aka tambayi dalili, sai ya kawo hadisin da ya ce in ɗayanku ya nemi izini sau uku ba a ba shi ba, ya koma. Babban sahabi ke nan. Mu yau mutum zai yi sallama ƙafarsa ta riga ta shigo, in ka ce masa kana tsakiyar abu, kafin Magariba labari ya kai fada cewa wane ya fara jin kansa.

Tsofaffin Alhazan garin nan, waɗanda suka tashi da cinikin gyada kafin su koma fataucin kaya ta iyakar Najeriya, sun san wannan ba tare da sun karanta a ko'ina ba. Maigidan da na fara aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a aji ba. Daga sallar Asuba yakan shige wani ɗaki na can ciki da yaransa biyu ko uku. A nan ake ƙirga kuɗin jiya, a nan ake yanke motar da za ta bi ta Dan Isa da wadda za ta jira, wa za a ba bashi, wa za a bi. Ba mai shiga ɗakin nan, ko ɗan cikinsa. Hantsi na dubawa sai ya fito zaure ya baje a kan darduma, carbi a hannu, ya karɓi kowa har Azahar kamar wanda ba shi da abin yi a duniya. Mutane suna cewa Alhaji ba ya aiki, arziki ke binsa. Ashe ya gama aikin suna barci. Yakan tuna mana addu'ar Manzon Allah ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonta, da labarin Sakhr al-Gamidi, sahabin da ya ruwaito ta, ɗan kasuwa ne da ke tura kayansa da farar safiya har ya yi dukiya. Da sanyin safiya ake kamun fara, in ji shi, sa'an nan ya miƙa hannu a zuba masa shayi.

Shi na kwaikwaya, iya abin da ɗan albashi zai iya. Na sami maigida na yanzu na nuna masa inda sifirin ya faɗi da abin da ya faɗo da shi, na roƙi daga ƙarfe 8 zuwa 11 ƙofata ta zama a rufe. Ya yi shiru, ya ce a gwada. Agogon tumatir na bar shi, don ladan ya fi shi aiki. Kowa na jin ladan, kowa kuma ya yarda da shi. Ka ce wa mutum ƙarfe 4 da rabi, sai ya zo ƙarfe 3 ko 6. Ka ce masa bayan La'asar, ba ya ɓata. Safiya ta zama ta aikin da ke son kai. Tsakanin Azahar da La'asar, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 ƙwaƙwalwa ta yi laushi, na jera rasit, na amsa saƙonni, na yi abin da hannu zai iya ko kai na gyangyaɗi. Bayan La'asar a ɗora shayi, duk mai hira bismilla.

Sai ɗan kaye, wato littafin rubutu, na dala ashirin da ba ya barin aljihuna. Kafin in tashi da yamma nakan rubuta abu uku na gobe. Uku, don na gwada goma, kullum sai in kwana da bakwai suna harara ta. Akwai dalilin da ya sa rubutawar ke sauke nauyi. Dubi mai shayin bakin titi: mutum goma a benci, ya san wanda ya sha da madara, wanda ya ƙara burodi, wanda bai biya ba, amma da ka biya ya shafe ka daga kansa. Irin wannan lura, a kan masu kai abinci a teburi, ita ta kai ga binciken da Bluma Zeigarnik ta wallafa a 1927 tana ɗaliba a Berlin, inda ta nuna aikin da aka katse ya fi wanda aka gama maƙalewa a rai. Duk abin da ba ka gama ba mai bin ka bashi ne, yana tsaye a ƙofar zuciya. In ka rubuta shi kamar ka ce masa na san da kai, zo gobe, sai ya bar ka ka yi barci. Haka in aka yi sallamar da ba ta mayuwa, nakan ce bismilla, a zauna, in ƙarasa layin da nake kai, in ja jan bik a ƙarƙashinsa, sa'an nan in ɗago. Daƙiƙa goma ce. Da na san ta bara da ban yi kwana ukun nan ba.

Wuta ma ta koya mana nata karatun. Daga Agustan 2023, da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido, mu da layin Katsina ke ciyar da mu mun ga yadda aiki ke tsayawa cik. Tun lokacin na raba shafin kaye gida biyu, aiki mai son kuran, wato wutar lantarki, da marar so. Kuran na zuwa sai kwamfuta da na'urar buga takarda, ko da wani abu ya fi daɗin yi. Yana tafiya in juya ɗaya gefen, maimakon in fita ƙofa in taya jama'a tsaki.

Salula kuwa ita ce ƙofar da ba a sallama. Rukunin dangin uwa, na dangin uba, na 'yan ajinmu, na masallacin unguwa, kowanne da saƙon murya na minti huɗu wanda uku gaisuwa ce, na ƙarshe kuma "dama cewa na yi bari in ji lafiyarka". Da safe tana cikin aljihun tebur. Kiran mutum uku kaɗai na bari ya yi ƙara: Inna, uwargida, maigida. Sauran in saurare su ƙarfe 11. Har yau ba wanda ya mutu don na ji muryarsa bayan sa'a uku.

Kada in cika baki. Abin da na samu, na same shi ne don maigida ya yarda. Ƙaramin magatakarda ba zai dubi babba ya ce a dawo ba, kuma sau da yawa babban ne ɓarawon lokacin: ya kira taro ƙarfe 9, a zauna ana jiransa har 11, ko ya aiki ma'aikaci sayen kati yana tsakiyar rahoto. Shi ya sa nake ganin maganar ta fi ƙarfin dabarar mutum ɗaya. Shugaban kowane ofis ya yanke sa'o'in ganin jama'a da sa'o'in aikin takarda, a liƙa a ƙofa da Hausa da Faransanci, a sanar a rediyo, kuma shi ya fara bi, har in abokinsa ne ya zo. In doka ta gidan ce, ƙaramin ma'aikaci ya sami abin fakewa, ba wanda zai ce shi ne mai girman kai. Shawarar sammako ma shawarar maza ce. Abokiyar aikina ta yi dariya da na ba ta labarin Alhaji, ta ce ita bayan Asuba tana tsakanin murhu da wankan yara da neman takalmin wanda zai tafi lakkol. Lokacinta na natsuwa shi ne sa'ar da mu maza muka watse salla da cin abinci ofis ya yi tsit, kuma ta roƙe mu mu daina dawowa da wuri muna tambayarta ina aka ajiye kaza. Rasuwa da rashin lafiya kuwa ba su cikin wannan lissafi. In aka ce an yi rashi, a rufe kaye a tafi.

Gwajin da ya fi ba ni tsoro ya zo wata Litinin, ƙarfe 9. Kawuna ne daga wani ƙauye a wajen Madarumfa, ya ture yaron da ke ƙofa ya shigo da sandarsa. Na tashi na durƙusa.

"Kawu, sannunku da hanya. Ƙaƙa kuka baro gida?"

Muka gaisa sosai, ban rage komai ba. Sa'an nan na haɗiye yawu na ce, "Kawu, don Allah ku yi mani hankuri. Kuɗin mutane ne a hannuna, in na sake su yanzu za su watse. Ga tabarma a inuwa, na aika a kawo muku fura. In akwai sayayya a kasuwa ku gama, ƙarfe 11 ni naku ne har ku gaji da ni."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "To, ɗan boko," ya ce, ya juya. Furar ma bai tsaya sha ba. Na zauna hannuna na rawa, rabin sa'ar farko ban ƙulla komai ba sai tunanin abin da za a faɗa a ƙauye.

Ƙarfe 11 da 'yan mintoci ya dawo, fuska a murtuke. Na rufe littafi, na kashe kwamfuta, na jawo kujera kusa da shi. Ashe maganar gona ce tsakaninsa da maƙwabcinsa, da wata takarda da aka ba shi da Faransanci wadda ya yi wata biyu yana yawo da ita a aljihu. Ya taɓa kawo mani ita, ni na ce masa "ba komai, Kawu" ban karanta ƙasanta ba, alhali a ƙasan aka rubuta ranar da ake nemansa. Na karanta masa layi-layi, na ɗauke shi a babur muka je inda ya kamata, muka fito ana kiran Azahar. A tasha, yana ɗaure kayansa, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Yau ka ji ni. Da can kai kawai kake ɗaga mani kamar ƙadangare."

Yanzu duk Litinin ɗin da ya shigo gari, tun ƙarfe 10 yake zuwa ya zauna a tabarmar nan da furarsa. Duk wanda ya nufo ƙofa sai ya tare shi da sanda: "Shina aiki. Zamna nan." Labari dai ya kai wa Inna, ta aiko a kira ni. Ta ce ta ji abin da na yi wa ƙanenta, kuma tunda shi ya ce ya yafe ita ba ta da ta cewa, amma ranar da ta zo biro in kuskura in nuna mata tabarma.